Sawun Tumatir a Layin Rijiya

Ranar Asabar da hantsi aka kira ni a waya, aka ce in yi sauri, mutanen layin rijiya za su kashe dattijon nan Mzee Chande. Kafin in sauka daga bajaji, keken haya mai ƙafa uku, in ratsa lungunan unguwarmu Tandale da ƙafa, 'yan sanda sun riga sun janye shi. Takalminsa ƙafa ɗaya na tarar a cikin taɓo, da jini a jikin bulo.

Ni ce duba-garin wannan yanki, yau shekara goma sha uku. Sunana Siwema, amma in ba uwata ba babu mai kirana da shi. Kowa Bibi Afya yake cewa, wato Uwargidan Lafiya, wasu da ladabi, wasu kamar suna tofar da yawu.

Layin rijiya gida goma sha ɗaya ne, kowane ɗaki iyali guda, kuma duk daga rijiyar tsakiyar fili suke sha. Ranar Talata da la'asar aka yi ruwan farko na damina, awa uku kamar da bakin ƙwarya. Alhamis mutum tara suka kwanta da amai da gudawa. Juma'a da safe Tatu, yarinya 'yar shekara huɗu, ɗiyar Kondo mai turin kura, ta cika a hanyar asibiti. Na aika da ruwan rijiyar a gwada, amma tun kafin sakamako ya dawo hancina ya gaya mini: wani ya sa shaddarsa ta yi amai.

Haka muke cewa a nan. Ƙasarmu ba ta haƙuwa, taku biyu ka tarar da ruwa, don haka sama ake gina shadda, a hau ta da matakala. A gindin kowace akwai rami da aka toshe da tsumma da laka. In ta cika, tun da motar zuƙa ba ta shiga lungu, sai a jira ruwa mai ƙarfi a zare tsumman, ambaliya ta wuce da kayan zuwa rafi. Doka ta hana. Kowa ya taɓa yi, ba wanda ya taɓa ganin mai yi.

Shi kuwa Mzee Chande kwaɗo ne, wato mai yasar shadda da hannu, sana'ar da ofishinmu ya haramta tun bara. Mutane suka ce ai babu wanda ya san gindin shadda kamarsa, yunwa ce ta sa yake buɗe wa mutane a ɓoye. Ba shi da ɗa, ba shi da dangi a gari. Hujjar ke nan duka, kuma ta ishe su.

Da na je caji ofis, Insifekta bai ja zancen ba. Ya ce an yi asarar rai, unguwa ta nuna mutum, ranar Litinin ta sama zai kai shi kotu.

"Ki kawo mini wani in ba ki wannan," in ji shi. "Ba ni da wata dabara."

Tsohon ya doshi saba'in, ga tarin da ba ya barinsa. Na san in ya shiga kurkuku gawarsa za a fito da ita. Kwana tara gare ni.

*

Na fara da abin da na iya. Na sa aka rufe rijiyar da kwano da kwaɗon ƙarfe, sannan na ɗauki doguwar gora na bi shaddodin nan ɗaya bayan ɗaya, ina zurawa in ga wadda ta sauka. Aikin banza. Ruwan sama ya sake cika su maƙil, duk goma sha ɗayan. Na zagaya baya na duba tsummokaran, kowanne jiƙe yake da sabuwar laka, don ambaliya ta shafe su gaba ɗaya. Huɗu daga cikin gidajen ni da hannuna na liƙa musu takardar gargaɗi makon da ya wuce, cewa su yashe cikin kwana bakwai ko in rufe gida. Na fi matsa wa waɗannan huɗun, ban samu komai ba sai harara.

Mai unguwa Mbwana ya tare ni a ƙofar sababbin ɗakunansa uku, waɗanda ya gina da rani a gefen fili ya zuba 'yan haya tun siminti bai bushe ba. Sau biyu ina rubuta rahoto a kan ginin nan, sau biyu takardar tana shiga aljihun tebur. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, ya yi mini wa'azin tsabta na rabin awa. Ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zare tsumma ba, kuma in da ta shi ce da an kori duk wani kwaɗo daga Tandale. Da na tambaye shi inda yake ranar ruwan, sai ya ce yana masallaci, in tambayi Allah.

Sai na ga kamar na samu bakin zare. Akwai maiƙo a saman ruwan rijiyar, kuma kowa ya san Shomari bakanike yana zuba baƙin mai a shaddar gidansu don kashe wari da ƙudaje. Na same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai a waje. Ya fito yana dariya, ya ce:

"Bibi Afya, in baƙin mai ne laifin, sai ki kama layin gaba ɗaya. Gida nawa ne ba su zo da galan sun roƙe ni ba? Har matar mai unguwa."

Na bincika, gaskiyarsa. Gida takwas ke amfani da mansa. Kwana biyu na ɓata a kan wannan.

Matan kuwa kowace da wadda take so a kama. Wannan ta ce maƙwabciyarta ce, don ta gan ta da lema a bayan gida. Waccan ta ce a'a, ita ce dai ta farkon, shekara uku ba sa ga-maciji a kan igiyar shanya. Na cika littafina da tsohuwar gaba, babu layi ɗaya mai amfani. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi wa wata tsohuwa tsawa, abin da ban saba ba.

Gidan su Tatu shi ne na bakwai. Na je gaisuwa, ban je da littafi ba. Maman Tatu tana zaune a baranda cikin zanen kanga, idanu sun kumbura. Ita ce ta fara jifan Mzee Chande ranar Asabar, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce in an sake shi, da hannunta za ta ƙarasa. Mijinta Kondo yana tsugune a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa da kai. Na tambaye shi ko ya ga wani abu ranar Talata, ya ce ruwa ya hana kowa ganin komai.

*

Ranar Laraba na koma caji ofis hannu rabbana. Saura kwana biyar. Na tarar da Mzee Chande a kan benci, gefen fuska a kumbure, da kwanon ugali, tuwon masararmu, da miyar kifi a gabansa. Yana gutsurar ugalin yana dangwala gishiri, miyar ko kallonta bai yi ba.

"Shikamo, Mzee," na yi masa gaisuwar da muke yi wa manya.

"Marahaba, 'yata. Kin rame. Ke aka ɗaure ko ni?"

Ɗan sandan da ke kan tebur ya ce kullum da rana Baban Tatu ke kawo abincin, ya ajiye ya juya, bai taɓa yarda ya shigo ba. Na ce Allah sarki, akwai sauran mutanen kirki a duniya. A lokacin iyakar abin da na gani ke nan.

Na tambayi tsohon ko ya san wanda ya yi. Ya ce shi rabonsa da gindin shadda tun bara, kuma ko da yake aiki bai taɓa sakin kayan mutane a ruwa ba, rami marar zurfi yake haƙawa a gefe ya binne. Sauran kuwa bai sani ba. Na san taurin kansa, sai na bar zancen na ce ya daure ya ci miyar, jikinsa yana bukata.

"Da tumatir a ciki," ya ce. "Shekara talatin rabona da shi. Irin da ke cikin tumatir ba ya narkewa a cikin mutum, yadda ya shiga haka yake fita. Duk inda na binne kaya, in na dawo bayan kwana takwas lambu nake tararwa. Wanda ya ga wannan ba ya..."

Ya dube ni, ya ga na ƙura masa ido, ya ture kwanon gefe.

"Bar zancen nan, 'yata. Surutun tsufa ne."

Na ƙirga da yatsu. Daga Talatar ruwa zuwa ranar, kwana takwas cif. Na tashi ko sallama ban yi masa ba. Shekara goma sha uku ina ganin tumatir a bayan shadda, ban taɓa tambayar kaina wanda ya shuka ba.

*

Alhamis da sassafe na durƙusa a bakin rijiya. Tun da na rufe ta ba mai zuwa wurin, ƙasa ta huta da ƙafafu. A gefen da bakin rijiyar ya zube, ga su nan, ƙananan tsirai masu ganye bibbiyu, kara ja-ja mai gashi. Na tsinki ɗaya na murza na shinshina. Tumatir ne.

Na bi su da rarrafe. A tsakiyar hanya an tattake su, amma a gindin bango da cikin tsagar siminti suna nan, wani wuri a cunkushe inda ruwa ya tsaya, wani wuri ɗaya-ɗaya inda ya yi gudu. Mata suka fito suna kallona, wata ta ce aiki ya taɓa kan Bibi Afya. Ban ɗaga kai ba. Ina tafe ina soka tsinken tsintsiya a duk inda na ga tsiro.

Kafin azahar na samu sawu uku a layin. Biyu sun gangara rafi abinsu. Na ukun ya taso daga arewa, ya bi tsohuwar hanyar ruwa, ya zo ya ci karo da bangon sababbin ɗakunan mai unguwa, ya karya kwana, ya miƙe tsaye zuwa rijiya. Na bi shi baya-baya har inda ya fara. Na daɗe a tsugune a wurin, don ban so abin da na gani ba.

*

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa mai unguwa ya tara layin a fili. Ya zo da kujerarsa, yana zaton hukuncin kwaɗo za a tabbatar. Na ce ba jawabi zan yi ba, kowa ya biyo ni ya kalli ƙasa. Na nuna musu tsiron, na gaya musu yadda yake zuwa. Wasu suka yi dariya, wasu suka daina.

Sawu na farko ya kai mu gindin shaddar su Shomari. Ya sosa ƙeya ya ce to, nasa dai rafi ya tafi. Na biyu ya kai mu bayan tsohon gidan mai unguwa kansa. Wata mata daga baya ta ce ashe daga masallaci ma ana zare tsumma. Mbwana ya fara bayani, ba wanda ya saurare shi. Laifi tudu ne, kowa a layin nan ya taka nasa yana hango na tsoho.

Sannan na kai su bangon sababbin ɗakuna, na nuna musu inda ruwa ya juya. Daga nan muka bi sawu na uku har muka tsaya a bayan gida na bakwai.

Iyali tara ne a gidan. Na tambaya makon wa ne ranar ruwan, don a gidan haya tsintsiya da bokitin wanke shadda a ƙofar mai mako ake ajiye su, kuma duk abin da ya samu shadda a makonka naka ne. Suka dubi juna. Wata daga cikinsu ta ce a hankali, tsintsiya tana ƙofar Maman Tatu.

Maman Tatu ta zabura. Ta ce a ji tsoron Allah, ita ranar tana kasuwa tana sayar da waina, ruwa ya tsare ta a rumfar wani mai shago har magariba, mutum goma za su shaida. Ta ce da ta dawo ma ta tarar an riga an wanke wurin tas, har ta yi wa mijinta godiya don ya...

Ba ta ƙarasa ba. Ta juya tana nemansa a cikin mutane.

Kondo ya fito da kansa. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya buɗe ya miƙo mini. Takardar gargaɗina ce, da sa hannuna a ƙasa.

"Saura kwana ɗaya ya rage, Bibi Afya," ya ce. "Mai gidan yana can garin Morogoro, wayarsa a kashe. In kika rufe gidan, ina za mu kai yara da damina? Tun ina yaro ta nan ruwa yake bi ya sauka rafi. Ban san ya canza hanya ba." Ya juya ya dubi wajen rijiyar. "Washegari ni na ɗebo ruwan da ta sha."

Babu wanda ya ɗauki dutse wannan karon. Maman Tatu ta sulale ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce:

"Kana tsaye na jefi tsohon nan."

Mai unguwa ya buɗe baki zai ce wani abu a kan doka, na ce masa ya adana, rahotona na uku a kan bangonsa yana tafe, kuma wannan karon da sunan yarinya a ciki. Ko za a karanta, ban sani ba.

*

Kondo bai jira a kama shi ba, tare muka taka zuwa caji ofis. Insifekta ya saurare mu, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce a fito da tsohon. Suka haɗu a bakin ƙofa, mai fita da mai shiga. Kondo ya durƙusa zai kama ƙafarsa, Mzee Chande ya ɗaga shi, ya ce ya bari, rashin ɗiyar da ya yi ya fi kowane duka zafi.

A waje ya tsaya yana ƙifta ido cikin rana, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Na yi zaton zan ji daɗi. Na cece shi, kwana uku kafin kotu. Amma abin da ke cina shi ne shirun da ya yi mini, sai na tambaye shi ko dama ya sani.

"Na zarga," ya ce. "Ranar Litinin kafin ruwan ya zo ɗakina da takardarki, yana roƙona in yashe musu. Na ce masa Bibi Afya ta ƙwace shebur ɗina da bokitina, ta ce duk wanda ya sake kirana zai gamu da ita. Ya tafi."

"Me ya hana ka faɗa, Mzee? Da ka mutu a ciki fa?"

"Mutumin da ya binne 'yarsa? Ni na riga na ci nawa zamanin."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu: ni na ce a yashe cikin kwana bakwai, ni na hana mai yasa, kuma na san motar ba ta shiga lungu. Duk a kan doka na yi, babu wanda zai tuhume ni.

Muka tako a hankali saboda tarinsa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mata suna ta kwashe shanya. Da muka zo daidai ofishina sai ya tsaya.

"Shaddodin layin nan duk a cike suke," ya ce. "Yau ko gobe za a sake ruwa. Kayana suna nan?"

Suna nan a bayan ƙofa, da lambar shaida a ɗaure a jikinsu, an rubuta su a rajista. Babu dokar da ta ba ni ikon mayar masa, kuma in shugabana ya ji, aikina ne a bakinsa.

Na buɗe ofis, na tsinke lambar, na miƙa masa shebur da bokiti. Na ce ya fara da gida na bakwai.